Yadda Ake Shirya Tafiyar Kallon Namun Daji a Tsibirin Madagaska

Madagaska tsibiri ne a tekun Indiya, kimanin kilomita 400 daga gaɓar Mozambik. Shi ne na huɗu a girma cikin tsibiran duniya, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 587,000. Ya ɗauki shekaru kusan miliyan 88 shi kaɗai a tsakiyar ruwa, shi ya sa mafi yawan dabbobinsa da tsirransa ba a samun su a wani wuri. A can ne ake da lemur, dangin biri na nesa mai nau'i sama da 100. A can ne kusan rabin nau'in hawainiyar duniya suke, tare da nau'in kuka shida da ba su fitowa ko'ina sai a tsibirin.

Sai dai ka san da wannan tun kafin ka sayi tikiti: babu zaki, babu giwa, babu raƙumin dawa, kuma ba daga cikin mota ake kallo ba. A ƙafa ake shiga kurmi. Abin da ka je nema ƙarami ne, ko yana can ƙololuwar bishiya, ko ba ya fitowa sai dare. Wanda ya zaɓi wurare kaɗan ya zauna a kowanne ya bi lokacin dabba, shi ke gani. Mai gaggawar zagaye tsibirin a mako guda, abin da zai fi tunawa shi ne kujerar mota.

Kayan da za ka tanada

Tabaron hangen nesa mai lamba 8x42. Lamba ta farko tana nufin yana kawo abu kusa sau takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Kurmi yana da duhu ko da rana tsaka, faɗin gilashin ne ke tara haske. Mai ƙarfin 10 ko 12 yana rawa a hannu, kuma da wuya ka kama dabbar da ke tsalle da shi. In babu hali, ƙaramin 8x32 ya wadatar. Kowane mutum ya riƙe nasa, domin kafin a miƙo maka na wani dabbar ta wuce.

Tocilar goshi guda, da ta hannu mai haske siriri guda, da batura na ajiya. In ka sami ta goshi mai jan haske, ta fi.

Takalmi sau ciki mai tsagaggen tafi da ke kama laka. Ka saba da shi a ƙafarka makonni kafin tafiya, sabon takalmi a kan tudun kurmin Ranomafana bororo ne kawai zai bar maka. Dogayen safa masu kauri ƙafa uku ko huɗu. Dogon wando mai saurin bushewa guda biyu, riga mai dogon hannu, launin ƙasa ko kore ko toka. Rigar ruwa mara nauyi. Rigar sanyi guda ɗaya mai kauri, kar ka ce ai tsibirin zafi ne: babban birnin, Antananarivo, yana kan tudu sama da mita 1,200, kuma daren Yuni da Yuli akwai sanyi sosai.

Ƙaramar jakar baya, gorar ruwa mai cin lita biyu, da leda mai zif don waya da fasfo. Fawa bank, saboda masaukai da dama na kusa da daji janareta ko sola suke amfani da ita na 'yan sa'o'i. Wutar ƙasar volt 220 ce, soket ɗin mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa.

Magunguna: na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, man korar sauro mai sinadarin DEET kashi 30 zuwa 50, filasta, aidin, gishirin ORS, da duk maganin da ka saba sha a cikin kwalinsa na asali.

Takardu: fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara ga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, inshorar tafiya da ta haɗa da ɗauko majinyaci daga wuri mai nisa, da kwafin duka a waya da a takarda.

Kyamara ba dole ba ce. In za ka ɗauka, gilashi mai jan nesa na milimita 300 zuwa 400 ne zai yi aiki, ka zuba 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi a jakarta.

Mataki na 1: Zaɓi wata bisa abin da kake son gani

Tsibirin yana kudu da tsakiyar duniya. Damina daga Nuwamba ko Disamba take zuwa Maris, rani daga Afrilu zuwa Oktoba. Janairu zuwa Maris lokacin mahaukaciyar guguwa ce, musamman a gabas, hanyoyi kan yanke, gadoji kan tafi. Mai zuwa karo na farko ya kauce wa waɗannan watanni.

Yuni zuwa Agusta hanya a bushe take, ana ganin manyan lemur, kuma lokacin ne manyan dabbobin teku da ake kira wel masu doro ke zuwa haihuwa kusa da tsibirin Sainte-Marie, daga Yuli zuwa Satumba. Aibin lokacin shi ne sanyi na sa hawainiya da kwaɗi da macizai su yi lamo, wasu ƙananan lemur masu ajiye kitse a wutsiya ma barci suke shiga na watanni a cikin kogon bishiya.

A ganina babu kamar ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba. Gari ya fara ɗumi, lemur da yawa na goye da jarirai, tsuntsaye na sheƙa suna kuka, masu barci sun farka, ruwa kuma bai yi ƙarfin lalata hanya ba. A Oktoba da Nuwamba ne fosa, dabbar da ke farautar lemur, ke barbara a dajin Kirindy, lokacin da ya fi sauƙin ganinta. Da yake kowa ya san haka, masaukai na cika da wuri, sai ka kama ɗaki wata uku ko huɗu kafin lokaci.

Mataki na 2: Zaɓi hanya ɗaya, ka bar sauran

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna nisa a taswira. A Madagaska ka lissafa kilomita 40 a sa'a a kan kwalta, rabin haka a kan turba. Ga hanyoyin da aka fi bi.

Gabas, Andasibe. Kimanin kilomita 140 daga Antananarivo a kan titin RN2, sa'a uku zuwa biyar gwargwadon manyan motocin da ke zuwa tashar jiragen ruwa ta Toamasina. Nan ne gidan indri, mafi girman lemur. Mai mako guda kacal ya kwana uku ko huɗu a nan, ya ishe shi.

Kudu, titin RN7. Ya tashi daga Antananarivo ya bi ta Antsirabe da Fianarantsoa har Toliara, sama da kilomita 900. A kansa ko kusa da shi akwai kurmin Ranomafana, dajin al'umma na Anja kusa da Ambalavao inda lemur mai wutsiyar zobe-zobe ke shan hantsi a kan duwatsu, da gandun Isalo mai kwazazzabai. Yana son kwana 10 zuwa 12, a dawo ta jirgin sama daga Toliara.

Yamma, Morondava. Layin manyan kukoki yana kimanin kilomita 20 daga garin, dajin Kirindy kuma tafiyar sa'a biyu ce zuwa arewa. Mai son kaiwa Tsingy na Bemaraha, dajin duwatsu masu tsini da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1990, zai ƙara yini guda cur a kan turba, da tsallaka kogunan Tsiribihina da Manambolo a jirgin fito. Da damina ba a zuwa can sam.

Mai mako biyu ya haɗa Andasibe da ɗaya daga cikin biyun nan. Haɗa ukun sai mai mako uku. A kowane gandu ka kwana biyu aƙalla, domin ka sami safiya biyu da dare biyu. In an yi ruwa ranar farko, ta biyu ce za ta fanshe ka.

Mataki na 3: Lafiya da kuɗi

Ka ga likita wata guda kafin tafiya. Akwai zazzaɓin cizon sauro a mafi yawan tsibirin, ya fi tsanani a gaɓar teku. Maganin atovaquone-proguanil ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin shiga, a ci gaba kwana 7 bayan fitowa. Doxycycline ya fi araha, amma sai an ci gaba da shi mako 4 bayan fitowa, yana kuma sa fata saurin ƙonewa a rana. Likita ne zai zaɓa maka, musamman ga mai ciki da yara. Ka tambaye shi rigakafin taifot da ciwon hanta da haukan kare.

Kar ka yi wanka a tafki ko rafi mai kwantaccen ruwa, akwai tsargiya, a wasu kogunan yamma da arewa kuma akwai kada. Ruwan sha na gora ko tafasasshe.

Kuɗin ƙasar ariary ne, babbar takarda 20,000 ce. Na'urar cirar kuɗi sai a manyan garuruwa, ƙofar gandu da 'yan jagora kuwa tsabar kuɗi suke karɓa. Ka ciri abin da zai kai ka gari na gaba, ka nemi ƙananan takardu da yawa, domin canji na wuya a ƙauye. A kula da abu ɗaya: a karkara har yanzu wasu na faɗin farashi da tsohon kuɗi, faran, wanda biyar ɗinsa ne ariary ɗaya. Kafin ka biya ka tambaya da wanne ake magana, ko a rubuta maka lambar.

Shinkafa ce abincin yau da kullum. Naman shanu da kaji da kifi a wadace suke, amma a tsaunukan tsakiya ana yawan sa naman alade a miya, musamman miyar ganyen rogo da suke kira ravitoto. Wanda ba ya ci ya tambaya kafin a zuba.

Mataki na 4: Mota da direba

Abin da aka saba shi ne hayar mota tare da direbanta. Ga Andasibe da RN7 ƙaramar mota mai tsayin ƙafa ta isa. Ga Kirindy da Tsingy sai jif da ƙafafunta huɗu ke ja. Kafin ku tashi a rubuta: kuɗin yini nawa, wa ke sayen mai, wa ke biyan kwanan direba da abincinsa, da kuɗin kwanakin da zai yi yana mayar da motar fanko in kai ka dawo ta jirgi. Wannan na ƙarshen ne ke yawan kawo gardama. Ka duba taya ta ajiya da jak da idonka.

Ba a tafiyar dare. Akwai ramuka, akwai amalanken shanu marasa fitila, a wasu sassan kudu da yamma kuma akwai 'yan fashin shanu da kan tare hanya. Ka tsara isa masauki kafin ƙarfe biyar na yamma.

In aljihu bai kai ba, akwai motocin haya na taxi-brousse da ke zuwa kusan ko'ina. Suna da arha, amma ba sa tashi sai sun cika. Ka ƙara yini guda a kan kowace doguwar tafiya, ka sayi kujerar gaba tun jajibiri.

Mataki na 5: Ƙofar gandu da ɗan jagora

Hukumar Madagascar National Parks ce ke kula da manyan gandayen, kuma doka ce ba a shiga sai da ɗan jagora mai lasisi na wurin. Abu biyu ake biya: tikitin shiga na kowane mutum, da kuɗin jagora wanda ya danganta da tsawon zagayen da aka zaɓa, na sa'a biyu ko huɗu ko na yini. Farashin na manne a ofis. Ka karɓi rasit.

Hanyar da ta fi ita ce ka je ofishin da yammacin ranar da ka iso, ka sadu da ɗan jagoran, ku yi magana. Ka faɗa masa ƙarara abin da ka zo nema: tsuntsaye ne, hawainiya ce, ko wani lemur takamaimai. Ka faɗa masa gaskiyar ƙarfin gwiwarka. Ka tabbatar kuna jin yaren juna, domin da yawa Faransanci suka fi iyawa, masu Turanci kuma ana rububinsu. Jagora na ƙwarai za ka gane shi da tafiya a hankali, da yawan tsayawa yana saurare, da cewa "ba a cika gani ba" in ka tambayi abin da ba a cika gani ba. Wanda ya yi maka alkawarin komai, ka nemi wani. In ka dace da na kirki, ka riƙe shi duk kwanakinka a wurin, saboda a rana ta biyu ya riga ya san abin da ka gani da abin da ya rage.

A Ranomafana da wasu wurare akwai mataimaka da ke yin gaba tun asuba su nemo inda dabbobi suke, su kira jagora ta waya. Aikinsu ne ya fi wahala, kuma su aka fi mantawa wajen tukuici. Ka ware nasu daban, ka ba su hannu da hannu.

Kusa da manyan gandaye akwai dazuzzukan da mutanen gari ke kula da su, kamar Mitsinjo da VOIMMA a Andasibe, da Anja a kudu. Sun fi arha, mutane sun fi ƙaranci, kuɗin kuma na shiga hannun waɗanda in ba haka ba sai sun sare dajin sun yi gona ko gawayi. Ka ba su yini guda cikin shirinka.

Mataki na 6: Fitar safe

Ka kasance a ƙofa lokacin buɗewa. A Andasibe dalilin shi ne indri, mafi girman lemur da ya rage, mai nauyin kilo 6 zuwa 9, baƙi da fari, kusan ba shi da wutsiya. Mutanen wurin babakoto suke ce masa. Iyali ne na biyu zuwa shida, kowane iyali da yankinsa, kuma da safe suke kuka don sanar da maƙwabta iyakarsu. Kukan doguwar ƙara ce mai hawa da sauka da ake ji daga nisan sama da kilomita 2. Iyali ɗaya ya fara, na gaba ya amsa, har ya zagaye kwarin. Jagora da kukan yake bin su. Mafi yawansa tsakanin ƙarfe 7 ne da 11, bayan nan sai su yi shiru su hau sama su huta. Wanda ya tsaya karin kumallo har tara ya yi asarar rabin abin da ya kawo shi. Indri ba ya rayuwa a gidan ajiye dabbobi, don haka babu inda za ka gan shi sai a wannan kurmin da makamantansa na gabas.

Idan an iso ƙarƙashinsu, ga yadda ake yi. Ka tsaya, ka rage murya. Ka fara gano dabbar da ido tsirara, ka kafe idonka a kanta, sa'an nan ka ɗago tabaron zuwa idon ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Masu koyo kan duba tabaron tukuna, su ɗaga, su yi ta lalube cikin ganye. Ka matsa gefe har rana ta koma bayanka, in ba haka ba baƙin inuwa kawai za ka gani. Sai ka ba su lokaci. Minti goma na farko kowa na ɗaukar hoto, ayari ya wuce. Wanda ya ƙara minti ashirin shi zai ga uwa na juyo da jariri daga baya zuwa ciki, ko babban ya dunƙule ƙafafu ya yi tsalle ɗaya daga wannan kututture zuwa wancan, tazarar da kan kai mita 10, jikinsa a miƙe.

A Ranomafana abin nema shi ne lemur mai cin gora mai launin zinariya. A 1986 masana suka gano shi, cikinsu har da Patricia Wright, kuma ganinsa ne ya kai ga kafa gandun a 1991. Yana cin tohon gora mai ɗauke da gubar sayanayid da yawan da zai kashe wata dabbar mai girmansa. Wurin tudu ne da gangare da santsi, sau da yawa sai an bar turba an kutsa. Ka sa wandonka cikin safa, ka riƙe sanda, kar ka kama kowane reshe ba ka duba ba.

Ga mai kyamara: a cikin kurmi kar saurin ɗauka ya gaza 1/250 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200 ba tare da fargaba ba. Hoto mai ɗan tsakuwa ya fi wanda ya yi dishi-dishi. In gilashi ya yi hazo saboda danshi, kar ka buɗe kyamarar, ka bar ta ta sha iska.

Mataki na 7: Fitar dare

Rabin dabbobin tsibirin sai dare, kuma mutane da yawa kan tsallake wannan saboda gajiya. Kar ka yi. Ba a yarda da yawon dare a cikin gandayen gwamnati ba, ana yin sa ne a bakin titin da ya ratsa daji, ko a dazuzzukan al'umma, ko a Kirindy. Ana farawa da faɗuwar rana, wajen ƙarfe shida, a yi sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Dabarar ita ce hasken ya fito daga kusa da idonka, shi ya sa tocilar goshi ta fi. Idon lemur na dare yana mayar da haske kai tsaye inda ya fito, sai ka ga ɗigo biyu ja-ja ko ruwan lemo a cikin ganye. In tocilar na hannunka a ƙasa, hasken ba zai dawo idonka ba. Ka riƙa share rassa a hankali daga tsayin ƙugu zuwa sama. Ɗigo ƙanana masu ƙyalli kore ko shuɗi a ƙasa gizo-gizo ne. A Kirindy akwai lemur ɗan mitsitsi na Madame Berthe, nauyinsa kusan giram 30, wanda babu ƙaraminsa a duk dangin biri.

Hawainiya ta fi sauƙin gani da dare fiye da rana. Idan ta yi barci launinta kan kwashe ya yi fari-fari, kuma a ƙarshen siririn reshe take kwana, wutsiya a naɗe, yadda in maciji ya hau reshen motsin zai tashe ta ta saki jiki ta faɗo. Saboda haka bakin rassa za ka duba, ba gindinsu ba. Tsaka mai wutsiyar ganye kuwa da rana manne take da bawon bishiya, kai ƙasa, ko an nuna maka da yatsa sai ka yi da gaske, amma da dare tana yawo ido buɗe.

Da zarar an gano dabba, a kawar da tsakiyar hasken daga fuskarta, a haska ta da gefensa ko a koma jan haske. Tocila ɗaya ko biyu sun isa, ba na dukan ayari ba. Kar a wuce minti biyu ko uku a kanta, kar a yi ta watsa mata filashi daga kusa. Idon da aka yi don duhu yana daɗewa bai dawo daidai ba, mujiya kuma na nan kusa.

Mataki na 8: Ladabin daji da na mutanensa

Ka bar tazarar mita 5 zuwa 7 tsakaninka da lemur. In shi ya matso, ka tsaya cik. Ba a ba su ayaba ko wani abinci: yana lalata musu ciki da haƙori, yana koya musu bin mutane da cizo. Cutar mutum na kama su, don haka mai mura ya sa takunkumi ko ya huta ranar. In jagora ya girgiza bishiya don dabba ta motsa, ko ya ciro hawainiya daga reshenta don hoto, ka ce masa ba ka so. Suna yi ne saboda baƙi na nema, in baƙi suka daina nema za su bari.

Wuraren da ake ɗora wa baƙo lemur a kafaɗa, ko otal da ya ɗaure ɗaya a keji, ka wuce su. Dokar ƙasar ta hana ajiye lemur a gida, kuma yawancin na kejin daga daji aka kamo su suna jarirai. A ƙididdigar ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta 2020, nau'i 103 cikin 107 da aka duba na fuskantar barazanar ƙarewa. Hoton kafaɗa guda da aka sa a Facebook yana jawo wasu su nema.

Kowane yanki na da abubuwan da al'ada ta hana, fady suke ce musu. Wani wuri ba a nuna kabari da miƙaƙƙen yatsa, sai a lanƙwasa shi. A Isalo kaburburan ƙabilar Bara na cikin kogunan duwatsun da za ka bi ta gabansu. Ka tambayi jagora tun a ƙofa, ka bi abin da ya ce ko ba ka fahimci dalili ba. Irin wannan hanin ne ya daɗe yana kare indri daga mafarauta a gabas. Kafin ɗaukar hoton mutum a nemi izini. Azafady ita ce neman afuwa, misaotra ita ce godiya.

Mataki na 9: Idan abu ya ɓaci

Matsattsaku na da yawa a kurmin gabas bayan ruwa. Ƙanana ne, ba sa sa cuta, amma wurin kan daɗe yana jini saboda yawunsu na hana shi daskarewa. Kar ka fizge, kar ka ƙona, kar ka zuba gishiri, domin hakan na sa shi ya amayar da abin cikinsa a ciwon. Ka tura farce a kwance ƙarƙashin bakinsa ka zame shi, ka wanke, ka danna da auduga, ka sa aidin da filasta. Shafa man sauro a kan safa da bakin takalmi yana rage su.

Cizo ko yakushi daga lemur ko kare ko jemage: a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar don allurar haukan kare. Cibiyar Pasteur da ke Antananarivo na yin wannan allura.

Macizan tsibirin ba su da dafin da ke kashe mutum, amma akwai kunama a busasshen dajin yamma. Ka zazzage takalmi kowace safiya. A Kirindy kar ka bar takalmi ko abinci a waje, fosa kan shigo har sansani. Mafarauciya ce mai dogon jiki da doguwar wutsiya, lemur ne babban abincinta, in ka gan ta ka ba ta hanya.

In ruwa ya sauko da safe, a fita duk da haka da rigar ruwa. Lemur kan dunƙule su yi shiru, amma kwaɗi da hawainiya kan fito, kuma da ya ɗauke daji kan motsa gaba ɗaya. In an yi iska mai ƙarfi ne ake zama, saboda faɗowar rassa.

Mataki na 10: Teku da komawa

Mai sauran kwana biyu ko uku ya ƙare a gaɓa. A Sainte-Marie ka zaɓi jirgin da ke rage gudu tun daga nesa, ba ya matsawa ƙasa da mita 100, ba ya shiga tsakanin uwa da ɗanta. A tsibirin Nosy Be, daga Satumba zuwa Disamba, ana iyo kusa da katon kifin shak mai ɗigo-ɗigo wanda ba ya cin mutum, a dajin Lokobe kuma akwai baƙin lemur. Ba a taka murjani, ba a taɓa kunkurun ruwa.

Jiragen cikin gida kan sauya lokaci, hanya ma kan ci yini fiye da lissafi. Ka dawo Antananarivo kwana ɗaya cur kafin jirginka na fita daga filin Ivato. Wajen tsaraba, banda kunkuru mai rai ko ƙoƙonsa, banda murjani, banda katakon rosewood, banda ɓawon ƙwan katon tsuntsun nan da ya ƙare wanda ake tallarsa a kudu. Fitar da su laifi ne, ana kuma binciken jaka. Banila da kayan saƙa na rafiya ba su da matsala, ka riƙe rasit. Ka wanke lakar takalminka kafin ka sa shi a akwati, ka shanye sauran maganin sauro har ranar da likita ya ce. In zazzaɓi ya kama ka cikin watannin da suka biyo baya, ka je a gwada jininka a ranar, ka faɗa wa likita inda ka je.